Takalman Fasto Bang

Wayar ta fara rawa a aljihun Fasto Bang Seok-ju daidai lokacin da aka kashe fitilun coci, jama'a suka ɗaga murya gaba ɗaya, "Ya Ubangiji! Ya Ubangiji! Ya Ubangiji!" sannan kowa ya kama tasa addu'ar da ƙarfi. Yana durƙushe a kan matashinsa na durƙuso a bayan mumbari, inda ba mai ganinsa. In za a faɗi gaskiya, ba addu'a yake yi ba. Kunne ya kasa yana jiran tarin Iya Pyo.

A cocinmu na bakin teku ba a hawa dandamali da takalmi. Fasto yakan cire nasa a gindin matakala, ya zura silifas ɗin da matan zumunta suka yi wa ɗinkin gicciye, ya yi gajeren wa'azin asuba, sannan ya ɓace a bayan mumbari. Daga nan sai takalmansa kaɗai ake gani. In suna nan, yana nan. In sun ɓace, to ya koma gado. Da wannan tsofaffin matan garinmu suke auna fasto, ba ruwansu da takardun da ya jero a bango.

Mai riƙe da ma'aunin kuwa ita ce Iya Pyo Mal-sun, shugabar zumuntar mata, mai sayar da busasshen kifi a kasuwa, 'yar guntuwar tsohuwa mai murya kamar ta direban jirgin ruwa. Zamanin marigayi Fasto Gil, wanda ya kafa cocin, ba ta daɗewa. Takan yi addu'arta a gurguje ta naɗe matashinta ta wuce kasuwa.

"Zaman me zan yi?" takan ce. "Akwai mai ɗauke da garin nan a kan gwiwarsa."

Tun da ya rasu ta daina tashi da wuri. Sai ta zauna ta sa wa takalman fasto ido, ba ta motsawa sai sun motsa. Fastoci biyu sun zo bayansa, ta ga yadda takalmansu ke saurin ɓacewa, ta taɓe baki, ranar ƙuri'a mata suka bi bakin nan nata. Duka biyun sun haɗa kayansu.

Jibi Lahadi ƙuri'ar Fasto Bang ce: ko a tabbatar da shi, ko shi ma ya nemi kwalayen haɗa kaya. Shi kuwa bawan Allah ɗan Seoul ne, asuba ba ƙawarsa ba ce. Shekara guda ke nan yana durƙuso har ƙafafunsa su mutu, yana jin mutane suna fita ɗaya bayan ɗaya, har sai muryar Iya Pyo ta dushe ta fara tari. Tarin nan shi ne agogonsa. Da ya ji shi, sai ya san ya daɗe daidai gwargwado, ya fito ya sa takalmi da fuskar waliyyai.

Wayar ta sake rawa. Ya zaro ta a ɓoye, ya ga sunan matarsa Hye-ran.

"Maigida," ta ce, muryarta a sama-sama, "faya ta fashe."

"Faya? Wace faya? Ai likita ya ce sai ƙarshen wata!"

"To zo ka yi wa likitan bayani. Ni dai ga ni a jiƙe a tsakar ɗaki."

Shekarun da suka yi suna jiran wannan cikin sun fi ƙarfin a tuna. Sun je asibitoci, sun sha magunguna masu ɗaci, sun sha tambayar surukai a kowace shekara. Fasto Bang bai san lokacin da ya rarrafa zuwa 'yar ƙofar bayan dandamali ba, wadda ke ɓullewa ta ɗakin ajiyar kujeru. Ya ci karo da bokiti, ya ba bokitin haƙuri, ya tsallaka tsakar gida da gudu. Cikin coci kuwa kiɗan yabo na tashi a hankali, addu'a na ta zuba, ba wanda ya ji komai.

A mota Hye-ran ce take ba shi baki.

"Ka yi numfashi, Fasto."

"Ke za ki yi numfashi! Haka aka koya mana!"

"Ina yi. Kai ne ka yi shuɗi. Kuma ga hanyar asibitin Mokpo can ka bari a hagu."

Ya juya motar a gaban wani shagon taya. Ya yi ta rera waƙar yabo baiti ɗaya yana maimaitawa, don sauran baitocin sun gudu daga kansa. Hye-ran ta yi dariya, naƙuda ta katse dariyar, ta damƙi hannunsa har sai da ya yi ƙara ya fi ta.

Hantsi ya ɗaga sosai kafin kukan jariri ya tashi. Wata ungozoma mai faɗin kafaɗa ta miƙo masa ƙunshin farin zane, ta ce, "Baban yarinya, riƙe da kyau." Ya leƙa. Wata 'yar fuska ce ja, a yamutse, ranta a ɓace kamar an tashe ta addu'ar asuba. Kunnuwanta kuwa nasa ne sak, manya, a buɗe.

"Wayyo, kunnuwana!" ya ce, hawaye na zuba. "Hye-ran, ta ɗauko kunnuwana! Ki yafe mini, 'yata!"

"Gashi zai rufe," Hye-ran ta ce daga gado, a gajiye, tana murmushi.

Daga nan Fasto Bang ya zama abin kallo. Ya sunkuya ya gode wa ungozoma, ya gode wa mai shara, ya gode wa wani mutum da ya zo duba ƙanwarsa. Ya je injin sayar da abin sha ya yi ta danna maɓalli yana raba wa duk wanda ya wuce. Wani tsoho ya ce masa shi ciwon sukari gare shi, Fasto ya ce, "Mace ce, Baba!" ya cusa masa gwangwani a aljihu. Ya kira surukarsa, ya faɗa mata, ya kashe, ya sake kiranta ya faɗa mata. Ji yake ƙasan asibitin tana da laushi, kamar yana tafiya a kan katifa.

Ungozomar ce ta dubi ƙasan.

"Baban yarinya, silifas ɗin nan naka sun burge ni. Har da gicciye. A ina ake sayarwa?"

Ya dubi ƙafarsa. Ya daɗe yana dubanta. 

"Takalmana," ya ce.

Hye-ran ta buɗe ido. Ta dubi silifas, ta dubi agogon bango, ta gane nan take, don ita ma shekara guda ta yi tana jin labarin tarin nan.

"Iya Pyo," ta ce. Sai dariya ta ƙwace mata, ta riƙe ciki. "Wayyo, kada ka ba ni dariya, ɗinki ne a jikina! Tana can tana gadin takalmi! Tafi, tafi, kafin tsohuwar mutane ta manne da ƙasa!"

Ya gwada wayar Iya Pyo a hanya, a kashe. Ya gwada ta Dattijo Ok, babban dattijon ikilisiya, ita ma a kashe. Ya ce a ransa ai ba zai yiwu ba, dole wani ya leƙa bayan mumbari. Amma ya san mutanensa. Wa zai hau dandamali ya taɓa kafaɗar fasto yana gaban Ubangiji?

Da ya shigo gari rana ta take tsaka. Ya bi ta gefen kasuwa, ya ga abin da bai taɓa gani ba. Layin masu busasshen kifi a rufe yake ruf, an lulluɓe tebura da tamfol. Wata mage na zaune a kan kujerar Iya Pyo. A ƙofar coci kuwa takalma sun cika kantar ajiyar takalmi sun zubo har matakala: takalman roba na masunta, na 'yan kasuwa, har da na mai kemis wanda rabonsa da coci tun bikin 'yarsa.

Ya ajiye mota a bayan gida, ya bi ta ɗakin kujeru, ya kauce wa bokiti, ya rarrafa ya koma kan matashinsa. Matashin ya yi sanyi. Ya leƙa ta gefen mumbari da ido ɗaya. Cocin ya cika fiye da ranar Kirsimeti. Ga takalmansa can a gindin matakala, baƙaƙe, a jere, cikin natsuwa, kamar su ne suka shirya taron.

Dab da dandamali Dattijo Ok ne ke yi wa wani sabon shigowa raɗa, raɗar da ake ji har titi. Wannan Dattijo Ok shi ne ya sha cewa Fasto Bang ya cika dariya, ba shi da nauyin fastoci.

"Tun asuba bai ɗaga ba. An ƙwanƙwasa gidansa, ba kowa, motar ma ba ta nan. An kwashi uwargida zuwa asibiti, ka san cikin bai isa ba. Shi kuwa ya ƙi tashi daga gaban Ubangiji. Ko tari bai yi ba! Ni na yi wa mutumin nan mummunar fahimta." Ya fyace hanci da ƙarfi. "Tun bayan Fasto Gil ban ga irin wannan ba."

Fasto Bang ya koma ya zauna a kan dugadugansa. Wani daɗi na daban ya taso masa, mai santsi. Ashe an riga an shirya masa komai. Abin da ya rage kawai ya miƙe a hankali, ya ɗan yi tangaɗi kamar wanda ƙafa ta mutu, ya duba waya, ya sanar da haihuwa. Jibi ko hannu ba sai an ƙirga ba. Har ya fara gwada fuskar da zai fito da ita.

Sai ya ji muryar Iya Pyo. Ta wuce tari tuni, ta koma kamar ana goga ƙarfe a dutse. Shekara guda yana sauraron maƙogwaron nan, bai taɓa sauraron abin da yake faɗa ba.

"Ya Ubangiji, yarinyar nan Hye-ran ba ta da ƙwari, kai ka sani, ba ta cin abinci. Ka riƙe ta. Abin da ke cikinta ka fito da shi da rai. Shi kuma wannan bawa naka, barci gare shi, na sani, ka sani, amma yau ga shi ya tsaya. Kada ka ba shi kunya. In sai an biya, ga ni, na tsufa, kifina ma ba ya sayuwa kamar da."

Fuskar da yake gwadawa ta zame. Ya miƙe, ya ma manta da tangaɗin ƙarya.  Wani ya kashe kiɗa.

"Mace ce!" ya ce, muryarsa ta fashe. "An haihu! Uwa da 'ya suna lafiya!"

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa. Mata suka yi ta tafi suna kuka, masunta suna dukan bayan juna, mai kemis ya rungumi ginshiƙi. Wata ta ɗauko waƙa, wata ta ɗauko wata daban, aka haɗa su aka rera a haka. Dattijo Ok ya matso gindin matakala, fuskarsa sharkaf, ya ɗaga hannu biyu.

"Fasto! Ta waya aka faɗa maka, ko kuwa nuna maka aka yi?"

Kowa ya miƙa wuya. Ga ƙofa biyu a buɗe, ko wacce ya zaɓa ta yi. Fasto Bang ya dubi hannuwansa. Har yanzu yana jin nauyin ƙunshin nan a cikinsu, ɗan nauyi mai ɗumi, kuma ya ga ba zai iya cewa bai riƙe ta ba, ko da cocin duniya za a ba shi.

"Wace waya, Dattijo? Da hannun nan na riƙe ta! Kunnuwana ta ɗauko, ku gan su, kamar murfin tukunya! Ta yi mini tsawa ma!"

"Da hannu," Dattijo Ok ya ce a hankali. "A ina?"

"A Mokpo."

"Yaushe ka je Mokpo?"

"Tun da aka kashe fitila. Ta ƙofar baya na fita. Na manta takalmana ne." Ya ɗaga ƙafa ɗaya, aka ga silifas ya yi baƙi da ƙurar titi. "Ku gafarce ni. Yanzun nan na dawo."

Idanu suka sauka a kan takalman gaba ɗaya. Takalman ko a jikinsu.

Can baya wani masunci ya yi ƙoƙarin danne dariya, ta fito masa ta hanci. Shi ke nan, cocin ya ɓarke. Har da masu kwanciya a ƙasa. Dattijo Ok ya dubi hankicin da ya jiƙa, ya cusa shi a aljihu kamar kayan sata.

Iya Pyo kaɗai ba ta yi dariya ba. Tana nan a durƙushe a layin gaba.

"Fasto," ta ce. "Sauko."

Ya sauko.

"Matso. Ƙafata ta mutu, ba zan iya zuwa ba."

Ya matso ya durƙusa. Ta ɗauki littafin waƙoƙinta ta maka masa a kafaɗa, ta ƙara, ta ƙara.

"Tun asuba! Ban buɗe rumfa ba, ban sha ko ruwa ba, ina ta kai ƙarar takalmi wurin Allah! Ina cewa ga shi ya tsaya, ga shi ya tsaya! Yanzu da wane ido zan koma gabansa? Ka sa na yi wa Ubangiji shaidar zur!"

"Iya, ki yi haƙuri."

"Nauyinta nawa?"

"Na'am?"

"Jaririyar, kai kuma! Tana da nauyi? Ta kama nono?"

"Ta kama, Iya. Kamar ta biya kuɗinsa."

Bakin Iya Pyo ya ɗan motsa, ta maido shi. Ta miƙa hannu ta jawo takalman, ta jefa su cikin jakar kasuwarta mai warin kifi, ta ɗaure bakin jakar.

"Waɗannan sun fi ka riƙon addu'a, zan tafi da su gida. In kana so, gobe da asuba ka zo ka karɓa."

"Haba Iya," wata mata ta ce, "mutumin da matarsa ta haihu yau? A bar shi ya yi barci mana."

"Na ce dole ne? Na ce in yana so." Ta miƙa wa Fasto hannu biyu. "Ɗaga ni. A hankali, ba buhun gishiri ba ne."

Dattijo Ok ya biyo shi har tsakar gida, yana gyaran murya. "Barka dai, Fasto, barka. Amma batun jibi, ka san yadda mata suke. Ba ta ce komai ba. Ni rashin cewar nan ne ba na so."

Fasto Bang ya ce ya sani. Ya koma Mokpo da silifas, yana tuƙi yana dariya shi kaɗai, can kuma sai ya tuna kwalaye, sai kuma kunnuwan nan su faɗo masa ya sake fashewa.

Washegari ya iso tun taurari ba su gama ɓacewa ba, idanunsa jajur, rigarsa ta jiya. Ya tarar da takalmansa a gindin matakala, an goge su suna ƙyalli, suna ɗan tashin warin kifi. Iya Pyo na wurinta, ba ta ko dube shi ba. Ya hau ya karanta Zabura, ya yi wa'azin da shi kansa bai san me ya ce ba. Aka kashe fitila, aka kira sunan Ubangiji sau uku, ya durƙusa a bayan mumbari.

Ya yi niyyar kasa kunne kamar kullum. Amma da ya buɗe baki don ya yi godiya a kan yarinyar, sai godiyar ta ƙi ƙarewa. Daga yarinyar ya wuce kan Hye-ran, daga ita ya wuce kan ungozoma, da tsohon nan mai ciwon sukari. Sai ya tuna mai kemis da 'yarsa da ba ta kiransa, da masuncin da jirginsa ya lalace, da gwiwoyin wata tsohuwa da ta ce a ɗauke ta a madadin 'yarsa. Ya bi garin gida-gida, daga tashar jiragen ruwa har bayan makaranta, yana mamakin yawan abin da ya sani game da mutanen nan bai taɓa kai shi ko'ina ba.

Zafin rana a ƙeyarsa ne ya dawo da shi. Haske ya cika tagogi, kiɗa ya daɗe da ƙarewa. Sai a lokacin ya tuna bai ji tari ba.

Ya dafa mumbari ya miƙe da ƙyar, ya leƙa. Ba kowa a cocin. A layin gaba an naɗe matashin Iya Pyo an jingine shi da bango. Kusa da takalmansa akwai tukunya ɗaure cikin ɗankwali, har yanzu da ɗuminta, miyar ganyen teku ce da ake dafa wa mai jego.

Ta tagar da ke kallon kasuwa ya jiyo wata dusasshiyar murya tana yi wa mai saye faɗa a kan farashin kifi. Da alama ta daɗe da buɗe rumfa.

Fasto Bang ya zauna a kan matakala, ya sa takalmansa, ya ɗauki tukunyar da hannu biyu kamar yadda ungozoma ta koya masa.